Baba Nas, Mai Satar 'Ya'yan Draf

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, ina cikin gyaran wata fanka babban ɗanka ya kira ni ya ce Allah Ya karɓi abinSa. Na ajiye sukudireba na zauna a ƙasa. Na Allah muke, kuma gare Shi muka nufa. Na yi kuka, Baba Nas, amma ka yafe mini, kafin azahar na tsinci kaina ina dariya, domin ba a iya tuna ka da fuska a murtuke.

Shekarun baya na faɗo daga kan tsani ina jan waya, kaina ya bugu da siminti. Asibiti suka ɗinke abin da ke ɗinkuwa suka sallame ni. Ƙafa tana tafiya, hannu yana aiki, amma tunani ya zama kamar rariya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bencin draf na ƙofar shagon mai faci, inda na daɗe ina lallasa mutane da yamma. Da na koma, sai a tsakiyar wasa in manta waɗanne 'ya'ya ne nawa. Abokaina, don tausayi, suka riƙa bar mini wasa. Abokinmu Direba, wanda ko ɗan cikinsa ba ya ɗaga wa ƙafa, ya dinga miƙo mini 'ya'ya yana cewa ai hannuna yana nan. Na gane, kunya ta rufe ni, na daina fita.

Matata ce ta ja ni zuwa cibiyar unguwa, ɗaki ɗaya mai tabarmin roba da ƙarafan koyon tafiya, inda kake taimaka wa irinmu kyauta tun da ka yi ritaya daga aikin jinya. Na zaci za ka tambayi inda ke ciwo. Sai ka tambayi abin da nake yi idan na tashi aiki. Na ce draf. Washegari ka zo da allo da marafan kwalba.

Ba ka taɓa bar mini ko ɗa ɗaya ba. Mu ɗan taɓa wasa, ka ce a huta, wai ƙwaƙwalwa ma tana gajiya kamar ƙafa. Idan na fusata na watsar da allon, sai ka ce in tsince, wannan ma motsa jiki ne. Abin da ban sani ba, duk sanda na kau da kai sai ka zare ɗana ɗaya ka cusa a aljihu. Dattijo da furfurarka, ka yi watanni kana wannan ta'asa.

Ranar da na riƙe maka hannu na ce, "Baba, ina ɗana na kusurwa?" ka yi dariyar da ta sa masu koyon tafiya suka tsaya suna kallonmu.

"Tun yaushe nake jiran ka kama ni," ka ce. "Tashi ka koma wa abokanka, ni na gaji da kai."

Da ƙafarka ka taka har shagon mai faci, ka ja musu kunne cewa duk wanda ya sake bar mini wasa ya cuce ni. Yammacin da na koma, Direba ya yi mini cin kaca, ya miƙe yana shela wa masu wucewa cewa mai lantarki ya ƙare, wai in je in sake hawa tsanin ko kan zai gyaru. Mai faci ya zaro ido don tsoron kada in ji haushi. Ni kuwa dariya nake har da hawaye. Ban taɓa jin daɗin tsiya irin ta wannan rana ba. Da na shiga gida matata ta tambaya ko na ci, na ce an cinye ni tas. Ta ɗaga hannu ta ce alhamdu lillahi.

Allah Ya jiƙanka, Baba Nas, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Mama, Allah Ya ba ki haƙuri, ke da yara da jikoki. Direba da mai faci sun ce in gaya miki su ma an yi musu rashi. Likitoci sun ceci raina, amma maigidanki ne ya mayar da ni cikin mutane. Allah Ya cika masa mizani da ladan wannan. Amin.