Harsashin da Dwight Bai Harba Ba

Orval Haugen maƙwabcina ne a garin Dillingham na jihar Alaska. Sana'arsa kai baƙi kamun kifi a kogin Nushagak, shi da mijin ƙanwarsa, Dwight. Jirgin ruwansu ɗaya, tukunyarsu ɗaya, amma kan bindigar da za ta tsayar da beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai farata, ba su taɓa shan inuwa ɗaya ba.

Orval libarba yake ratayawa, mai lamba arba'in da huɗu, harsashi shida masu nauyi. Ta Dwight mai milimita goma ce, tana cin sha biyar. Duk bazara sai sun jera katako da jiƙaƙƙun jaridu a bayan gida sun harba, su zura tsinke su ga na wa ya fi nutsewa. Kullum na Orval ne.

"Ka gani ko?" in ji Orval. "Taka ai ta korar ɓeraye ce."

"Haba Yaya! Kafin hannunka ya dawo daga sama bayan harbi ɗaya, ni na zuba biyar. Ranar da ta ɓaci, ni zan cece ka."

Ranar kuwa ta zo. Suna fiɗar kifi a bakin ruwa, sai uwar beyar mai 'ya'ya ta faso daga cikin ciyawa. Orval ya samu ya harba ɗaya kafin ta danne shi ta cafki kafaɗarsa. Yana ƙasa yana ihu, "Dwight, harba!" Sai ya ji injin jirgi ya tashi.

Harbin nan guda ne ya kashe ta, amma sai da ta gama da hannunsa na dama. Wasu masunta ne suka tsince shi.

Dwight ya zo asibiti yana sunkuyar da kai. "Bindigar ce ta cije, Yaya, na rantse."

"Ko zare ta ba ka yi ba. Ina kallonka."

Orval ya bar kogi, ya koma gadi a masana'antar kifin gwangwani. Bai taɓa gaya wa ƙanwarsa gaskiya ba, don 'ya'yanta. Duk Kirsimeti yakan je gidansu, ita ke yanka masa nama a faranti, Dwight na gefe yana kallon bango.

Ni kaɗai ya faɗa wa, wata rana muna shan kofi. "Gudun bai dame ni ba, kowa na iya tsorata. Amma ya san jirgin ɗaya ne, ya tafi da shi."