Ɗinkin da Gu Lanzhi Ba Ta Ƙulle Ba

Duk wanda ya san Gu Lanzhi, da yatsa tara da rabi ya san ta. Tana da ɗan shago a bayan asibitin unguwarmu, can arewacin Beijing, inda take sayar da tufafin mamata. Idan baƙo ya ƙura wa hannunta ido, sai ta ce keken ɗinki ne ya cije ta. Ƙarya take yi. Zare ne, kuma ita ta ɗaura shi da kanta.

A wani ƙauyen Hebei aka haife ta, a gidan da mutane ba sa son zama su daɗe. Uwarta ce mai ɗinka wa tsofaffin ƙauyen kayan da za a binne su da su, riga bisa riga, biyar ko bakwai, ba maɓalli ko ɗaya. Lanzhi tana shekara tara aka ba ta allura, aka haɗa mata da doka: kayan mamaci ba a ƙulle zarensu. Ka ƙulle wa mamaci zare, ka ɗaure shi a ƙofar gida ke nan, in kuma ya samu ya tafi ba zai tafi shi kaɗai ba. Idan an kai ƙarshen ɗinki sai a cusa allura ta ƙarƙashin ƙyalle, a fito da ita can gefe, a yanke, a ce, "Hanya a buɗe take." In kuwa hannu ya kuskure ya yi wa mai rai irin wannan ɗinki, to an buɗe masa hanya. Maganinsa ɗaya ne. Mai ɗinkin ta ɗauki ragowar zaren da ke cikin allurar ta ƙulle a yatsanta, kada ta kwance sai mai rigar ya tuɓe rigar da hannunsa.

Da ta auri wani direban bas mai suna Mu, ta biyo shi birni, ba ta gaya wa kowa sana'ar gidansu ba. Ta samu aiki a wata masana'anta da ba a ko kafa allon sunanta a ƙofa ba, inda ake ɗinka kayan cikin 'yan sama jannati. Keke ne ke yin yawancin aikin, amma wuyan riga da hannu ake naɗe shi don kada ya ci fatar mutum, kuma a wannan ba wadda ta kama ƙafar Lanzhi. Sai dai kowane ƙulli ta yi sai ta ce masa, "Zauna." Matan suka yi ta yi mata dariya har suka gaji.

Ba sa sanin sunan masu rigunan, lamba kawai ake kawo musu da awo. Tun lokacin da kumbo ke tashi ba kowa a ciki take wurin. Da aka zo gwaji da mutum-mutumi, ita ta naɗe wuyan rigarsa. An ce musu an sa masa na'ura a ƙirji, yana numfashi, zuciyarsa tana bugawa. Ranar ta je wurin shugabar ɗakin, Yaya Dou, ta tambaye ta a hankali, "Yaya, shi wannan, a ƙulle masa ko a bari?"

"Ke dai 'yar ƙauye ce har ki mutu," in ji Yaya Dou. "Ƙulle mana! Ko so kike ya dawo tsirara?"

Ta ƙulle, amma sai da ta yi mako tana jin kamar wani abu yana numfashi a bayan kekenta. Bayan nan mutum na farko ya tashi shi kaɗai, ya zagaya duniya, washegari ya sauko da ransa, ɗakin ɗinki ya kaure da kuka da tafi.

Shekara biyu bayan haka, ana shirin tura mutum biyu, uwar Lanzhi ta rasu. Matar da ta tufatar da rabin ƙauye ba ta ɗinka wa kanta ko hula ba. Lanzhi ta je ta yi kwana uku a kan kayan, riga bakwai, ba ƙulli, tana faɗin abin da ake faɗa. Ta dawo aiki ido a kumbure, ta tarar da riguna a jere suna jiranta. Ta gama su da yamma, masu duba aiki suka duba, aka rufe akwatuna aka buga hatimi.

Kwana biyu bayan nan, suna cin taliya da rana, Yaya Dou ta zungure ta da gwiwar hannu.

"Wai ni kam kin canza waƙa ne? Rannan a rigar ƙarshe, mai lamba sha tara, ban ji 'zauna' ba. Wai 'hanya a buɗe take' na ji kin ce. Wace hanya, ta gidanku?"

Lanzhi ta ajiye taliyar. Ta tashi ta koma kan kekenta. Allurar tana nan inda ta soke ta, da ragowar farin zare kamar taƙi ɗaya.

Ta faɗa wa Yaya Dou komai, har sana'ar gidansu. Yaya Dou ta ɗan ja kujerarta baya, sannan ta daure ta ce, "Lanzhi, an ja wuyan nan da na'ura bai motsa ba. Ɗinkin naki ya fi ƙulli riƙo. So kike in je gaban injiniyoyi in ce a fasa hatimi saboda mamatan Hebei? Akwatunan ma sun kama hanyar hamada, inda kumbo ke tashi."

"Sha tara yana cikin masu tafiya?"

"Wa zai gaya mini? Ni da ke duk talabijin muke jira."

Safiyar da za a tashi, ana nuna mutanen biyu suna ɗaga hannu cikin ɗan yayyafin dusar ƙanƙara, Lanzhi ta zaro zaren ta naɗe shi a yatsan tsakiya na hannun dama, wanda take tura allura da shi. Zare siriri ne, tana tsoron ya silale garin wanke hannu ko cikin barci, don haka ta ja shi sosai da haƙori, ta yi ƙulli uku. Ta sa safar hannu ta ce sanyi take ji.

Rana ta biyu yatsan ya kumbura yana bugawa, kuma ta rantse bugun ba ya tafiya daidai da na zuciyarta. Rana ta uku ya yi shuɗi. Rana ta huɗu mijinta ya kama hannun yayin da take miƙo masa kunun gero, ya fizge safar.

"Ke tsohuwa, kin haukace? Kawo almakashi!"

"Ka taɓa shi, ka kashe mutum."

"Wane mutum? Ƙasa guda ta haɗa roka, masana dubu nawa, sai zarenki ne ke riƙe da shi? To ni ma ki ɗaura mini ɗaya, birkin bas ɗina ya lalace."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Maigida, ni na buɗe masa hanya. Ina jin tsoro." Shekara ashirin da aurensu bai taɓa jin ta faɗi haka ba, sai ya saki hannun.

Rana ta biyar kumbon ya sauka a makiyayar arewa, mutanen biyu suka fito suna murmushi. Ta ƙara musu yini guda don su samu su tuɓe, sannan ta yarda aka kai ta asibiti. Likita ya yanke zaren ya jefa a kwandon shara, ya bi da rabin yatsan. Lanzhi ba ta damu ba. Murna take yi, har tana tsokanar masu jinya.

Yaya Dou ta zo dubiya da lemo a jaka. Ta zauna tana juya jakar, can ta ce, "Takardu sun dawo. Sha tara bai tafi ba. An bar masa kayansa a wurin horo, sai wani karon."

Lanzhi ta sauko daga gado ba takalmi ta nufi ɗakin likita neman zaren. An riga an kwashe sharar.

Da rabin yatsa ba a naɗe wuyan riga, sai ta bar aikin ta buɗe shagon nan, ta koma abin da ta guje wa. Aka tura mutum uku, ɗaya ya fita wajen kumbo yana kaɗa tuta. Aka tura mace. Aka gina tasha a sama, mutane suna wata shida a ciki. Kowane tashi unguwa tana murna, ita kuwa tana tsaye gaban talabijin hannu wofi, tana leƙen wuyan mutanen da ba ta san lambarsu ba. Ba ta cin abincin kirki sai sun sauko. Ni da muke maƙwabtaka na sha ce mata ta haƙura haka nan, ta ce ba ni na yi ɗinkin ba.

Bara da kaka, da hantsi, wata mata mai furfura ta tsallako daga asibitin ta shigo shagon da ƙunshi a ƙirji.

"Yaya, maigidana ne ya cika ɗazu. Zan sayi rigunan da za a ɗora a kai, amma ya ce wannan za a fara sa masa a jiki. An ce sai an kwance duk wani ƙulli, ni kuma ban iya ba."

Ta buɗe ƙunshin. Farar rigar ciki ce, ko sau ɗaya ba a sa ta ba.

"Shekara goma sha shida yana horo," in ji matar. "Kowane karo sai a ce saura kaɗan, sai a ɗauki wani. Har ya yi ritaya ba wanda ya ji sunansa. Ya ce ba zai sa ta ba sai ranar tafiya."

Lanzhi ta ɗora guntun yatsanta a wuyan rigar. Ta san ɗinkinta kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta: rigar mai lamba sha tara ce. Ta rasa ko tausayi take ji ko sauƙi, abin kuma ya ba ta kunya. Ta ninke rigar ta miƙa da hannu biyu.

"Babu abin kwancewa, ƙanwata. Kai masa ita haka."

Matar ta dube ta. "Ai ba ki ko juya ta ba, Yaya."

"Je ki sa masa tun jikinsa bai sandare ba," in ji Lanzhi. "Ya daɗe yana jira."