Gado Mai Fenti da Kakar Husaina

Shekara talatin Gado mai fenti yana zana allunan shaguna a Tibiri, kuma kowa ya san aibinsa sai shi: fuska ɗaya hannunsa ya iya, tasa. Je ka shagon aski, Gado ne har shida, kowanne da irin askinsa. Matar da ke allon tela ma Gado ce da ɗankwali. Har ragon mahauci da kumatunsa ya fito.

Bara daraktan kwaleji ya ce kowane ɗalibi ya zana wani daga cikin kakanninsa a katangar makaranta, ya ba da labarinsa. Gado aka kira ya taimaka. Yara suka yi ta tone-tone a gida: wannan kakansa maƙeri ne, wancan mai haƙar rijiya a Dumega. Gado kuwa yana bin su da burushi, "Kawo in ɗan gyara maka hancin ga." Kafin Laraba, kakanni goma sha ɗaya sun zama 'yan'uwansa na jini.

Saura Husaina. Kakarta ta wajen uba, mutuniyar garin Lugu, ta rasu ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, abin da ya rage na kamanninta yana cikin kan yarinyar kawai. Ta zana ta da ido ɗaya ya fi ɗaya girma, da tsagar Arawa daga baki har kunne, ita ma a karkace. Gado ya duba, hannunsa ya fara ƙaiƙayi.

"Baba Gado, don Allah kak ka taɓa mani ita," in ji Husaina. "In ta koma kai, ina zan samo ta kuma?"

"Ta koma ni?"

Ya bi katangar da ido. Kunya ta lulluɓe shi, sai ya nemi gwangwanin fenti ya zauna a kai, ya danne tafukan hannunsa a ƙarƙashinsa. Haka ya wuni yana mutsu-mutsu, yana ƙunƙuni a kan idon nan, amma bai tashi ba. Da yamma ya miƙe da shuɗin tambari a bayan wando.

Ranar da aka gayyaci iyaye, Jibo mahaifin Husaina ya zo yana bin katangar yana dariya har da riƙe ciki. Da ya kai ƙarshe, inda zanen Husaina yake, dariyar ta tsaya. Sannan ya cire takalmansa, ya durƙusa a cikin rairayi.

"Inna," ya ce a hankali, "ina wuni?"