Tiren da ake miƙowa ta katanga

Baba Ɗanjuma ba mutum ne mai daɗin baki ba, kada wani ya ruɗe ku. Shekara arba'in yana noman auduga a hawashar da ya gada, wato gonar ban-ruwa, kusa da garin Makwar. Da gwiwa ta gaza sai ya gina ɗaki biyu a bayan gidansa ya sa haya, da su yake ci shi da matarsa Inna Ma'u. Ni Bilyamin, mai karo, wato keken jaki na dako, ni na kama ɗakunan da iyalina.

Shekarar da jakina ya mutu, wata huɗu ban ba shi ko sisi ba. Matata Sakina ta fara ɗaure kaya a ɓoye, don mun san mai biya yana nan yana jira.

A unguwarmu maza ba sa cin abinci a ɗaka. Bayan la'asar kowa ya fito da tirensa a dara, wato shimfiɗar ƙofar masallaci, a ci tare. Ni da ba ni da abin fitarwa, sai na daina zuwa. Kunya ta kashe ni wallahi.

Ran nan sai ga tsohon ya faɗo mana ko sallamar kirki babu. Na ce shi ke nan, yau za mu kwana a titi.

"Kai Bilyamin, mi na yi maka? Ana cewa ni na kore ka daga dara saboda kuɗin haya!"

"Baba, ba ni da abin kaiwa ne."

"To wa ya tambaye ka? Bashina daban, yana nan, ban yafe ko jinai ɗaya ba. Amma gobe in gan ka a tabarma."

Washegari Inna Ma'u ta kira Sakina ta bayan gida, ta miƙo mata tire ta kan katanga, kisra, wainar dawa mai faɗi, da miyar kuɓewa, a rufe. Na ɗauka na fita da shi ta ƙofata kamar girkin gidana. Haka muka yi wata uku cur, tukunyarsu ɗaya ana raba ta biyu. Ashe ma har mai son ɗakunan ya zo da kuɗi a hannu, tsohon ya ce masa akwai mutane a ciki.

Da aka fara tsinkar auduga ni da Sakina muka shiga, na haɗa na sayi wani jaki, na fara rage bashin. Ranar da Sakina ta girka namu na kanmu, na kai dara ina ta baza kafaɗa. Tahir mai aski ya kai loma ɗaya, ya ɗaga hannu sama.

"Alhamdu lillahi! Yau mun huta da gishirin Ma'u tire biyu."

Duk aka fashe da dariya. Kai! Mutanen da suka shekara ashirin suna cin miyar Inna Ma'u, ta ina za su kasa gane hannunta? Duk sun sani, kuma babu wanda ya taɓa ko kallona da shi. Na sunkuyar da kai, hawaye na zuba, na rasa wa zan fara gode wa.

Baba Ɗanjuma ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Ci abinci, ya zol, bawan Allah, kada ka ƙara ma miyar gishiri. Saura wata biyu a kanka."