Tokar Inna Dinatu

Inna Dinatu, yayar kakarmu, ta zo ƙasar Kebbe daga Zuru tana amarya, ta zauna a wani ɗan ƙauye bayan Fakku shekara arba'in da 'yan kai. Gidajen Kirista huɗu ne a wurin, majami'arsu ɗakin laka ce mai jinka, can bakin daji bayan rijiya. Ba ta taɓa rataye kalanda ba. In an fara sussukar dawa ta san jiran Kirsimeti ya kama. In rijiya ta ja baya, guga na dawowa da laka, azumin kwana arba'in ya matso. Takan ce Ubangiji bai taɓa zuwa mata a coci kaɗai ba, a bakin murhu ma yana tarar da ita.

Aiki ɗaya ne ba ta bar wa kowa ba. Ranar Lahadin Dabino, da yake ba dabino a ƙauyen, kaba suke ɗagawa. Ita ke tattara kabar ta soke a jinkar majami'a, ta shekara tana bushewa, sannan ta ƙona ta, a shafa wa mutane tokar a goshi ranar Larabar Toka.

Bara ne abin ya canza. Mutanen daji, 'yan bindiga, suka aiko da saƙo ƙauyen da ke gaba da su. Makiyaya suka kwashe shanu ba sallama. Katikis, malamin cocinsu, ya daina zuwa daga Tambuwal, mai unguwa ya hana kowa wuce rijiya. Ran Litinin aka hango hayaƙi ta wajen, aka ce ƙunar daji ce.

Talata da hantsi ta ɗaura ɗankwali ta ɗauki 'yar ƙwarya. Gobe Larabar Toka, kabar kuma tana can majami'a.

Maƙwabciyarta Na'iya, wadda suka tsufa tare suna musayar tuwon Salla da shinkafar Kirsimeti, ta tare ta a ƙofa.

"Ke tsohuwar ga, ina za ki? Toka ta ƙare a murhunki ne? Zo in ɗibar miki tawa, buhu guda!"

"Taki ta karan dawa ce, Na'iya. Wagga sai da munka ɗaga ta muna waƙa."

"To in sunka ɗauke ki, mi za su yi da ke? Ko tuwo ba ki iya tuƙawa yanzu."

Ta faɗi haka, amma ta yafa mayafi ta bi ta.

Bayan rijiya ba kukan akuya, ba kowa. Sawun babura ne kwance a kan turba, sabo, ya taka sawun jakai. Dinatu ta ci gaba da tafiya tana karanta Addu'ar Ubangiji a ciki, tana ɓatawa tana sakewa.

Bangon majami'ar na tsaye, jinkar babu. Ta rufta ciki ta zama toka, da kabar da komai. Dinatu ta durƙusa daidai kusurwar da take soke ta, ta tura hannu. Ƙasan tokar da ɗumi.

"Dinatu," in ji Na'iya ƙasa-ƙasa, "ba su yi nisa ba. Tashi."

Sai da ta cika ƙwaryar ta tashi. Ba su yi gudu ba, don ba ƙafar gudun, ba su kuma waiwaya ba.

Washegari mutum tara suka taru a tsakar gidanta. Ta ɗiga man gyaɗa a tokar, ta bi su ɗaya-ɗaya da babban yatsa tana cewa, "Ka tuna kai turɓaya ne, ga turɓaya za ka koma." Ba wanda ya ɗaga murya da waƙa. Da ta gama, ita da ta shekara tana ƙin zancen ƙaura ta dubi ɗanta Ɗangiwa ta ce ya nemo amalanke, yau za su kwana Tambuwal.