Gidan da Ba Ya Cin Ciyawa

Duk wanda ya taɓa ba da dabba kiwo tsakanin Filinge da Damana ya san Sambo. Tun yana saurayi mutanen gari ke ba shi amanar shanu da tumaki, ya shiga daji da su, ya dawo da su sun yi ɓul-ɓul. Idan akuyar wani ta yi ɗingishi, a kafaɗa yake ɗauko ta. Har furfura ta cika masa gemu ba a taɓa cewa dabbar wani ta salwanta a hannunsa ba. Wannan shi ne abin taƙamarsa, ko da yake in ka faɗa a gabansa sai ya sunkuyar da kai kamar ka zage shi.

Da daji ya lalace, ɓarayi suka fara kore wa mutane garke, ƴaƴansa suka matsa masa ya sayar da yawancin nasa shanun. Ya sayi gidan laka a bayan kasuwa ya zuba ƴan haya, shi kuwa ya kafa bukka a bakin gari da ƴan tumakin da suka rage, wai ɗakin ƙasa yana toshe masa numfashi. Abin da ya fi burge shi da sabuwar dukiyar shi ne rashin wahalarta. In an tambaye shi sai ya ce, "Gida ba ya cin ciyawa, ba ya shan ruwa, ba ya zawo. Wanga kiwon raggaye na."

To, mutumin da ya tashi a bukka, in ta tsufa a sake kara a yi gaba, ina zai san katanga ma tana da nata cin? Kowa a nan ƙasar Kurfai ya san kafin damina ana yi wa gida yaɓe, a gyara indararo, a cike gindin bango inda ruwa ya zaizaye. Sambo, da ke gane saniya za ta yi ciwo tun daga yadda take tuƙa, bai san wannan ba, kuma bai tambaya ba.

Cikin ƴan hayarsa akwai Salma mai ƙosai. Mijinta yana ci-rani, ita ke fama da ƴaƴanta ƙanana da wata tunkiya da ta saya da guminta. A inuwar katangar gabas take ɗaure ta, nan ne kuma yaran ke wasa. Duk ranar da Sambo ya leƙo gidan, kafin ya gama amsa gaisuwa ya riga ya durƙusa gaban tunkiyar yana buɗe mata baki.

"Baba, ka dubi katangag ga," in ji Salma. "Ta tsage har hannu na shiga."

"Awo, na gani, ɗiyata. Amma tunkiyag ga ciki gare ta. Ki riƙa sa mata kanwa."

Ba sau ɗaya ta faɗa ba, ba sau biyu ba. Kullum maganar katanga sai ta ƙare a kan tunkiya.

Dab da damina ma'aikatar magajin gari ta tara masu gidajen haya. Wani ma'aikacin tsabta mai suna Abdulrazak ya yi musu bayani dalla-dalla, cewa babban gyara, wato rufi da katanga da salga, a wuyan mai gida doka ta ɗora shi, ba a kan ɗan haya ba. Ya ce duk mai bukata ya yi magana, za a tura magini ya duba masa, a kuma nuna masa inda zai haƙi laka mai kyau. Sambo na zaune a baya da malfarsa, ya ji komai, har katangar Salma ta faɗo masa a rai. Amma ya dubi ƴan kasuwar da ke gaba da manyan rigunansu, ya ji nauyin buɗe baki. Shi da bai taɓa roƙon kowa ko igiya ba, yau ya miƙe a bainar jama'a ya ce a zo a koya masa riƙon abinsa? Ya sulale ya fita, ya biya ta kasuwar dabbobi ya huce.

Ruwan farko mai ƙarfi da hantsi ya zo. Salma ta kwashe yaran ta yi ɗaki da su, ba ta gama sakin labule ba ta ji rugum. Katangar ta kwanta a kan tunkiyar, wadda ba ta daɗe da haihuwa ba. Ko wuƙa ba a samu an sa mata ba. Ɗan ragon ne kawai ya tsira, yana zagaya tulin laka yana kuka.

Da Sambo ya iso, da hannu ya dinga tonon ƙasar. Ya ciro igiyar tunkiyar, kusa da ita kuma ya ciro takalmin yaro ƙafa ɗaya. Ya tsaya riƙe da shi.

Abdulrazak ya zo dubawa, unguwa ta taru. Ya tambayi Salma, "Kin taɓa shaida ma mai gida halin da katangag ga take ciki?"

Ta dubi tsohon da laka har gwiwa, ta kau da kai. "Ban samu na hwaɗa mashi ba."

Sambo ya so ya ce ƙarya take yi don ta rufa masa asiri. Amma ya yi shiru, aka watse ana cewa ƙaddara ce, kuma wannan shirun ya fi faɗuwar katangar ci masa rai.

Washegari ya je ma'aikatar da kansa, ya cire malfa, ya nemi magini. Bai tsaya ga biya ba, ya naɗe wando ya shiga kwaɓin laka, yana koyon abin da jikokinsa suka sani. Masu wucewa suna tsokanarsa, "Sambo, yau gida anka kai kiwo?" Katanga ta tashi, aka yi yaɓe, aka sa sabon indararo.

Ranar da aka gama, ya zaɓo tunkiyar da ta fi kyau a garkensa ya jawo ta zuwa gidan. Sai ya tarar da amalanken jaki a ƙofa, an ɗora tabarmi da kaskon suya.

"Ɗiyata, mi ya hwaru? An gyara. Ki taɓa ki ji."

"Na gani, Baba, Allah shi saka. Na samu ɗaki can wajen ƴar'uwata Sakina."

Ta karɓi tunkiyar da godiya, don ba a mayar da hannun babba. Sannan ta shiga ciki ta ɗauko marayan ɗan ragon, ya rame sai idanu, ta ɗora masa a hannu.

"Ya ƙi shan komi ga hannuna. Kai kaɗai na sani za shi rayu ga hannunka. Dabba kam, Baba, in na ba ka sai in yi kwanana lahiya lau."

Ba da gatse ta faɗa ba, har zuciyarta take nufi. Ta juya ta ɗaga yaranta ɗaya bayan ɗaya ta ɗora a amalanke, ta rungume ƙaramin, aka kaɗa jaki.

Ɗan ragon ya rayu. Sambo ya haɗa shi da wata tunkiya mai shayarwa, yanzu babu kamarsa a garken. Kowace bazara kuma za ka ga tsohon yana bin katangun gidan hayarsa yana shafawa da tafin hannu. Amma har yau in baƙo ya yaba ragon ya tambayi na wane ne, sai Sambo ya ja malfa ya rufe fuska, ya ce na wata ne da ta taɓa zama gidansa.