Ranar da Indo Ta Miƙa wa Kansila Igiya

A Batsari ba a kwatanta gidan Indo da layi ko lamba, ce wa mutum ake yi ya bi hancinsa. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan tana dafa kalwa tana buga daddawa a nan, tun da aka kawo ta daga Runka gidan Barau mai gyaran keke. Barau ya rasu ya bar mata 'ya'ya mata uku, da manyan tukwane biyu, da rijiya a ƙofar gida. 'Ya'yan sun yi aure sun watse, ɗaya Safana, biyu Katsina. Tukwane da rijiya suna nan.

Wanda bai san daddawa ba sai ya ɗauka itace ne babbar buƙatarta. Ruwa ne. Kalwa sai ta yini a kan wuta ana ƙara mata ruwa, a surfa ta, a wanke, a sake wankewa har ɓawon ya fita, sannan a mayar da ita tukunya. Ranar da rijiyar Indo ta ƙafe, ranar sana'arta ta tsaya.

Wanda ya haƙa rijiyar shi ne Isuhu, mutumin wani ƙauye kusa da Madarunfa a Nijar. Can ya koyi zuba zoben siminti da jera shi a cikin rami yadda ƙasa ba za ta rufta ba. Shekara ashirin da biyu da suka wuce ya iso da igiya da 'yar digarsa mai gajeriyar ƙota, Barau ya ba shi zaure. Tun daga nan kowane rani yana zauren, da damina ya koma gida noma. Da Barau ya rasu Indo ba ta rufe zauren ba. Tana kiransa Ɗan Faransa, shi kuma yana ce mata Yaya.

Mutanen unguwa sun daɗe da tsayar da ra'ayi biyu a kansa, kuma ba su taɓa jin sun yi karo da juna ba. Na farko, babu mai aikin rijiya kamar Isuhu daga nan har Safana. Na biyu, baƙi sun cinye wa 'yan ƙasa ayyuka.

A shekarar da sojoji suka karɓi mulki a Nijar aka rufe iyaka. Da rani ya yi Isuhu ya zo kamar kullum, ta hanyar gonaki da ya saba bi, wadda ba ta taɓa samun ƙofa ba balle a rufe ta. Ya tarar rijiyar Indo ta koma laka, ya ce sai an yashe ta an ƙara zobe biyu. Ya zuba zoben, yana jira su bushe, sai kwamitin tsaro na unguwa ya zauna.

Tsoron da ya zaunar da su na gaske ne. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka, ƙanen Indo ma da iyalinsa suna gudun hijira a wata firamare. Kowa na cewa akwai masu kai musu rahoto daga cikin gari. Kwamitin ya duba masu bindiga a daji ya ga ba abin da zai iya yi musu, sai ya waiwayo ya ga mai igiya. Aka yanke cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar unguwa kafin Juma'a, sai fa in wani magidanci ya sa hannu ya tsaya masa.

Shugaban kwamitin, Zainulabideen, tsohon kansila ne, kuma har yau Kansila ake kiransa. Indo ta ɗauki gyalenta ta same shi a ƙofar gidansa.

"Kansila, kawo takardar in dangwala. Ni na tsaya masa."

"Inna, magidanci aka ce."

"To gidan nan da nake ciki, kai ke ciyar da shi?"

"Ba haka ba ne, Inna. Tsari ne. Namiji ake so."

Ta zaga gidaje tara, duk masu shan ruwan rijiyar. Kowane maigida ya rantse Isuhu mutumin kirki ne, kowane kuma ya ce a bari ya yi shawara. Da ta dawo ta tarar Isuhu yana naɗe igiyarsa.

"Yaya, bari in tahi. Kar a ɓata miki suna saboda ni."

"Ajiye igiyar nan. Barau ne ya sauke ka, ni kuma ban sallame ka ba."

Ranar Alhamis da hantsi ta aika wa kwamiti cewa tana da magana a bakin rijiya. Suka zo su shida, mata masu jiran ruwa suka kewaye su da bokitai. Kansila ya zo da ƙanensa Usaini, wanda ya taɓa yin bitar kwana uku a Katsina kan harkar ruwa, kuma ya taho da takardar shaidarsa a leda.

"Na yarda," in ji Indo. "Gobe Ɗan Faransa ya tafi. Kun ce muna da 'yan ƙasa masu iya aikin. To ga rijiya, ga zobe sun bushe." Ta ɗauko igiyar ta miƙa wa Kansila. "Wa za a ɗaura wa?"

Kansila ya dubi Usaini. Usaini ya leƙa rijiyar ya ce su a bita injin ake sakawa ya zuƙe lakar, a kawo injin ban ruwa ya sauka da shi.

Isuhu ya ce, "Malam Usaini, hayaƙin injin a ƙasa zai zauna tare da kai. Bari ka gani, ko ba injin ma." Ya kunna fitilar ƙwai, ya ɗaura mata zare, ya zura ta a hankali. Kowa ya leƙa. Ba ta kai rabi ba wutar ta yi ja, ta kwanta, ta mutu.

Usaini ya mayar da takardarsa cikin leda.

"Kansila, ko kai za ka gwada?" in ji Indo. "Kai ɗan ƙasa ne gaba da baya. Ni na yi wa uwarka Fauziyya wankan jegonka."

"Inna, kin san ina da hawan jini."

"Ai ƙasa za ka yi, ba sama ba."

Mata suka fashe da dariya. Wata ta buga bokitinta ta ce su dai ruwa suke so, ko daga Faransa ko daga Ingila.

Isuhu ya saro rassan bedi, wato dogon yaro, masu ganye, ya ɗaure su dami guda, ya dinga zura su yana fizgowa, sama da ƙasa, don ya kore gurɓatacciyar iskar, har gumi ya jiƙa masa riga. Sannan ya sake zura fitilar. Ta sauka har kan lakar tana ci. Ya ɗaura igiya a ƙugunsa ya tsaya.

Kowa a unguwar ya san ƙa'idarsa: ba ya shiga rijiya sai wanda ya yarda da shi ya riƙe masa igiya. A da Barau ke riƙewa. Bayansa sai duk wanda Indo ta nuna. Indo ta ɗauki bakin igiyar ta sake miƙa wa Kansila.

"Namiji ake so," ta ce.

Kansila ya dubi matan, ya dubi bokitan da ba ruwa, cikinsu har da na gidansa guda uku. Ya tuɓe babbar riga ya karɓa. Awa biyu yana tsaye a rana ya turje ƙafa, sauran 'yan kwamiti suna jawo guga cike da laka. Can daga ƙasa Isuhu ke ba da umarni, a saki, a ja, a tsaya, kwamitin tsaro kuma yana bi ba gardama.

Kwamitin bai janye hukuncinsa ba, don a cewar Kansila hakan zai zubar da ƙimar tsari. Abin da ya yi shi ne ɗage korar Isuhu har sai ya gama aikin rijiya. Ba a rubuta wace rijiya ba, Indo kuwa ba ta tuna musu ba. Yana gama tata ta nuna masa ta masallaci. Daga nan ta gidan 'yarta a Safana, sai ta bayan kasuwa, sai ta gidan Kansila da kanta.

Rani biyu ke nan ana jira ya gama. Duk wanda ya tambayi Indo yaushe baƙonta zai tafi, sai ta ci gaba da juya kalwarta ta ce doka doka ce, da ya gama zai tafi.